Ɗigon Kwalli a Goshin Jonaki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Yake suranta bayinSa a cikin mahaifa yadda Ya so, Ya ba kowace fuska kamanninta, bai maimaita ɗaya ba tun daga Annabi Adamu har zuwa jaririn da aka haifa yau da safe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, mai shafa kan ƙananan yara in ya ratsa su, da iyalansa da sahabbansa. Ya Allah Ka daidaita harshena, Ka tsare ni daga ƙari da ragi.

Bayan haka, a cikin tsohon garin Dhaka, a saman wani bene da ke jingine da shagunan masu sayar da turare, akwai wani dattijo da ake kira Mofazzal Sarkar. A ƙuruciyarsa mai ɗaukar hoto ne. Da ƙafa ta yi nauyi sai ya koma zane a kwamfuta: ya ɗauko tsohon hoto, ya raba shi da bayansa, ya gina masa wata duniya da haske da launi. Matarsa Anjuman ta rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Ɗakin nan ba a jin komai a cikinsa sai fanka, da kiran sallar masallacin lungu, da tarinsa shi kansa.

Cikin dukan hotunan da ya tara akwai ɗaya da ya fi zama da shi. Wata shekara da ruwa ya yi ɓarna, ya bi masu rabon agaji zuwa wani tsibirin yashi a tsakiyar kogin Jamuna, mai suna Nalkola. A can ya ga wata yarinya da ba ta wuce shekara biyu ba, zaune a gaban kwalekwale, tana kallonsa ba tsoro ba dariya. Ya ɗauke ta hoto. Bai tambayi kowa ba, don a zamanin ba a tambaya. Abin da ya riƙe kawai shi ne muryar wata tsohuwa daga bayan danga tana cewa, "Uwar Jonaki, fito ki ga, an ɗauki 'yarki a na'ura." Kafin uwar ta fito, jirgin agaji ya busa, ya tafi.

Jonaki a harshensu makesu ne, ƙwaron nan mai yawo da fitilarsa. Saboda haka Mofazzal ya zaunar da yarinyar a kan ruwa mai duhun shuɗi, ya kewaye ta da dubban makesu, kowanne ya zana shi da hannunsa, har haskensu ya taru a goshinta. Shekaru yana kan wannan aiki. In ya dawo daga la'asar sai ya ɗora shayi, ya kunna allon kwamfutar, ya ce mata, "Yau ma mun yini, Jonaki." Wani lokaci ya ba ta labarin tsadar kifi a kasuwa, wani lokaci na Anjuman. Likita ya riga ya gaya masa cewa idonsa na dama yana tafiya, na hagu kuma zai bi shi. Ya san wannan ne zanensa na ƙarshe, kuma burinsa ɗaya ne: ya gan shi a rataye gaban jama'a tun yana iya gani.

Ya kai shi wurin Nusrat, mai gidan baje kolin zane-zane, wadda mahaifinta abokinsa ne. Ta daɗe a tsaye gaban zanen kafin ta yi magana.

"Baffa, wannan shi zai hau bangon da ke kallon ƙofa. 'Yar waye?"

"'Yar kogi ce."

"Kogi ba ya ba da izini, Baffa. Uwarta da ubanta nake nufi."

"Hoton ya fi shekara goma. Wa zai gane ta?"

"Ita za ta gane kanta. Yanzu kowa da waya a hannu. Gobe wani ya ɗauka ya watsa, jibi ta ga fuskarta a wayar malamin makarantarsu. Ni hoton yaro ba ya hawa bangona sai iyayensa sun ce to. Da bakinka ka koya mini cewa fuskar mutum amana ce, ko ka manta?"

Bai manta ba. Ya san gaskiya ta faɗa, kuma haƙƙin bawa ba ya ruɓewa don ya daɗe.

Da ya yanke shawarar tafiya, sai tsoro ya kama shi. Yarinyar yanzu ta zama budurwa 'yar makaranta, wataƙila ta fara lulluɓi. Uban zai iya cewa a'a, kuma in ya ce a'a magana ta ƙare, zanen ya koma ɗaki ya makance tare da mai shi. Ya sa aka buga masa zanen a kan takarda mai kauri, ya naɗe shi a cikin kwaroro. Ya shiga kasuwa ya sayi jakar makaranta mai ruwan hoda, da ƙyallayen ɗaurin gashi, da 'yan warwaro. Mai shagon ya tambaye shi ko na jikarsa ne, ya ce, "Kusan haka."

Mota ta sauke shi a bakin kogi da hantsi. Mai kwalekwalen da ya samu wani tsoho ne mai suna Kashem, baki ja wur da taunar ganyen pan, wanda suke ci kamar goro, zaninsa a naɗe har gwiwa. Ya dubi Mofazzal tun daga hula har takalmi.

"Yaya, wannan takalmin naka laka za ta yi kalaci da shi. Hoton talaucinmu ka zo ɗauka? Ka yi sammako. Ka dawo da damina, lokacin mun fi kyau, ruwa har wuya."

"Nalkola za ka kai ni."

Kashem ya tofar da jan yawu a ruwa, ya tayar da inji. Suka yi ta tafiya har gaɓa ta zama zare. A tsakiyar ruwa, inda babu ko tsinke, ya kashe injin.

"Sauka. Mun iso."

"Ina?"

"Ga ta nan ƙarƙashinka. Masallacin yana daidai inda wancan tsuntsun ya sauka. Gidana kuwa ka wuce shi, ban ce ka tsaya ba don ba a share ba."

Mofazzal ya leƙa ruwan, bai ga komai ba sai inuwar hularsa. Kogin nan haka Allah Ya hore shi, ya ba da ƙasa bana, ya karɓe ta baɗi, kuma mulki na Allah ne Shi kaɗai.

"Mutanen fa?"

"Kowa ya kama gabansa. Wasu Dhaka suna tuƙa keke, wasu suna kan jingar da gwamnati ta yi don tare ruwa. Wa kake nema?"

"Uwar Jonaki."

Kashem ya daina tauna. Ya juya ya gyara wata igiya wadda ba ta bukatar gyara.

"Babu mai wannan sunan yanzu. Akwai dai wadda a da ake kira haka. Firoza. Yanzu Uwar Ripon ake ce mata."

Mofazzal ya yi murmushi, har ya ce alhamdu lillahi. A wurinsu mace da sunan ɗanta ake kiranta, kuma sau da yawa in aka haifi namiji sai sunansa ya ture na yayarsa. Ya ɗauka abin da ya faru ke nan: Jonaki ta yi ƙane. Kashem ya dubi jakar mai ruwan hoda da ke kan cinyarsa, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe, ya tayar da inji.

Bukkokin kwano ne a jere a kan jingar, kowace ta dafa 'yar'uwarta. Kashem ya nuna masa ta ƙarshe, ya ce shi zai jira a jirgi. A ƙofar bukkar wata mace ce siririya tana shanya barkono a kan tabarma, tana baza shi da tafin hannu. Mofazzal ya yi sallama, ta amsa, ta ja gefen sarinta, dogon zanin nan na matansu, ta rufe kai.

"Ke ce Uwar Jonaki?"

Hannunta ya tsaya a cikin barkonon. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, a hankali, "Baffa, sake faɗa."

"Uwar Jonaki."

"Na'am," in ji ta. Sai ta miƙe, ta shiga ciki, ta fito da kujerar katako, ta goge ta da gefen sarinta. "Zauna, Baffa. Rabon da a kira ni haka tun ranar sadakar arba'in ɗinta. Sun ce don kada su tuna mini. Kamar wadda ta manta."

Nan take Mofazzal ya gane abin da Kashem ya haɗiye. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya zauna, ya tura jakar makarantar ƙarƙashin kujera da diddige. Duk shekarun nan da yake ba ta labarin tsadar kifi, yana lissafa ajin da ta kai, ashe ta daɗe da rasuwa.

"Yaushe?"

"Damina ta gaba bayan ruwan nan da aka kawo agaji. A kududdufin da ke bayan ɗakinmu ta nutse, ruwan ko gwiwata bai kai ba. Na juya in sauke shinkafa." Sai ta ƙara da cewa, "Ubanta ma ya koma ga Allah bayan an haifi Ripon. Kabarinta kuwa kogi ya ɗauke tare da tsibirin. Kai wane ne, Baffa, da ka san sunanta?"

Ya gaya mata komai, bai ɓoye ba: jirgin agaji, da kwalekwale, da hoton da ya ɗauka ba da saninta ba, da zanen, da gidan baje kolin da mutane za su shiga su kalla, su ɗauka a wayoyinsu, ya tafi inda ba wanda zai iya dawo da shi. Ya ce ya zo neman izini ne, in ta ce a'a ba wanda zai gani.

"Kana da hotonta?" Wannan kaɗai ta ji cikin maganar. "Ni ba ni da ko ɗaya. Wani lokaci ina neman fuskarta a raina, sai in ga ta Ripon."

Ya zaro takardar daga kwaroro, ya warware ta a kan cinyarsa. Firoza ta goge hannuwanta sosai saboda barkono, ta durƙusa. Ta kalli ruwan shuɗin, ta kalli makesun, ta kalli fuskar. Ya ga murna ta taso mata, sai kuma ta tsaya a hanya ta koma.

"Ta yi kama da ita," in ji ta. "Amma wannan ba 'yata ba ce."

"Ita ce. Wallahi ita ce."

"'Yar masu kuɗi ce wannan. 'Yata ba ta taɓa zama gaban baƙo da goshi haka ba."

Bai fahimta ba. Ya ciro wayarsa, ya lalubo hoton na asali, ya miƙa mata. Ta kama wayar da hannu biyu.

"Ga ta," ta ce. "Ga Jonaki. Ka gani? Nan."

Ta nuna gefen goshin, sama da girar hagu. Ɗigon kwalli ne baƙi, babba, ya ɗan karkace, irin wanda kowace uwa a ƙasar take ɗiga wa ɗanta da safe don kada ido ya kama shi. Mofazzal ma uwarsa ta yi masa. Tun a makon farko na aikin ya goge shi, don yana tare hasken da yake so ya taru a goshin, kuma don ya ji a ransa cewa camfin mutanen ƙauye ne, ba abin kai wa birni ba. Taɓawa ɗaya ce da alƙalamin zane. Ya daɗe da mantawa akwai shi.

"Kai ka cire?"

"Ni na cire."

"Kuma haka za ka kai ta gaban idon duniya, dubu kan dubu, kowa yana cewa kai wannan yarinya da kyau take, ba wanda zai ce masha Allah, goshinta a buɗe?"

Ya sunkuyar da kai. Sai ya ce, da taushin murya, domin ya ga wajibi ne ya faɗa, "'Yata, kwalli ba ya tsare kowa. Allah ne Mai tsarewa."

"Na sani, Baffa. Liman ya gaya mini, surukata ta gaya mini, har mai sayar da gishiri ya gaya mini. Ajali ne, rubutacce ne tun ba a haife ni ba. Na yarda, kuma ban taɓa jayayya da Ubangijina ba." Ta mayar da idonta kan wayar. "Amma ran nan ban sa mata ba. Kwallin ya ƙare, na ce in na sauke tukunya zan haɗa sabo a bakin fitila. Kullum da safe sai na riƙe haɓarta, tana zillewa, ina cewa tsaya mana, 'yar ƙwaro. Ran nan kaɗai ban riƙe ta ba. Ba kwallin nake kuka ba. Riƙon."

Iska ta taso daga kogi ta motsa barkonon da ke kan tabarma. Mofazzal ya dubi ɗigon a cikin wayar da idonsa mai sauran gani. Shekaru yana kallon fuskar nan yana ɗaukarta tasa, alhali abu ɗaya tak da ya nuna cewa tana da uwa, hannun uwar a kanta, shi ne ya fara sharewa. Ya fara naɗe takardar.

"Ki yafe mini. Ba za a rataye shi ba."

"Wa ya ce ka naɗe? Ku mutanen birni da gaggawa. Ko shayi ba ka sha ba."

Ta shiga bukka. Ya ji motsin kwanuka. Ta fito da shayi a ƙaramin kofi da gugguru na shinkafa, a ɗaya hannun kuma da wani ɗan gwangwani mai tsatsa. Ta buɗe shi: kwalli ne, na Ripon, wanda ya girma ya wuce sawa.

"Shimfiɗa mini ita."

Ya shimfiɗa takardar a kan kujera, ya danne gefunanta. Firoza ta yi bisimilla, ta dangwala ɗan yatsanta a gwangwanin. Da hannun hagu ta tallafi haɓar da ke kan takardar, kamar mai tsoron kada ta zille. Ta ɗiga kwallin sama da girar hagu, a tsakiyar hasken nan da ya ɓata shekaru yana tarawa. Ɗigon ya fito babba, ya ɗan karkace.

"Tsaya mana, 'yar ƙwaro," ta ce.

Ta daɗe a durƙushe. Shi kuma ya kau da kai ya kalli kogi, ya bar ta da 'yarta.

Da ta miƙe sai ta ce, "Yanzu kai ta inda za ka kai ta. Amma da wannan a goshinta, kada ka gyara shi, kada ka daidaita shi. Kuma a rubuta a ƙasa a ce a yi mata addu'a, ita da ubanta. Tunda ba ta da kabarin da za a tsaya a kai, to a tsaya a nan."

"Za a rubuta. Da wane suna zan sa ki?"

"Kai ma ka sani."

Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, kusa kusa, har zanen yatsanta ya fito a cikin kwallin, domin shi zai ɗora a kan babban zanen, ba wanda zai zana da hannunsa ba. Takardar kuwa ya bar mata. Ta rasa inda za ta sa ta a ɗakin da yake yoyo, daga ƙarshe ta mayar da ita cikin kwaroron, ta rataye sama da inda take ajiye Alƙur'ani.

Ya koma jirgin Kashem. Da suka iso gaɓa, Mofazzal ya sauka ya bar jakar mai ruwan hoda a kan katako.

"Yaya, ka manta kayanka."

"Kana da jika mace?"

"Har uku, kowace ta fi uwarta baki."

"To su yi faɗa a kanta."

An rataye zanen a bangon da ke kallon ƙofa. A ƙasansa an rubuta: Jonaki, da izinin Uwar Jonaki, a yi mata addu'a ita da mahaifinta. Wani mai sharhi ya ce baƙin ɗigon ya ɓata tsarin hasken, Nusrat ta ce masa ƙofa a buɗe take. Mofazzal yakan je da rana, lokacin da ba jama'a, ya zauna a benci. Fuskar ta fara dushe masa, makesun sun zama hazo, amma ɗigon yana ganinsa sarai. Wata rana ya ga wata mai shara ta tsaya gaban zanen, ta jingine tsintsiyarta, ta ɗaga hannu biyu.

A gida kuwa, in ya dawo daga la'asar, yakan ɗora shayi kamar da, amma ya daina kunna allon. Yarinyar ba tasa ba ce, tana da uwa, kuma ta koma ga Wanda Ya fi uwa jin ƙai. Ɗakin ya ƙara shiru. Sai ya zauna a kan dardumarsa ya ambaci Anjuman, ya ambaci Jonaki a bayanta, har a kira magariba.

Ya Allah Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, manyansu da ƙananansu, waɗanda ƙasa ta rufe da waɗanda ruwa ya ɗauke. Ka sanya yaran da suka tafi tun ba su san zunubi ba su zama masu jiran iyayensu a ƙofar Aljanna. Ka sanyaya zuciyar kowace uwa da aka daina kiranta da sunan ɗanta. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka tsare idonsa da hannunsa daga haƙƙin bayinKa, Ka ba shi abokin zama na gari a duniya, Ka kyautata ƙarshensa. Amin.